Takalmin Hagu

Maigidana ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Makka, kuma har yau mutanen garinmu can gida sun ɗauka shi ke tuƙa jirgin. Bai taɓa cewa shi direba ne ba, amma kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana giris yake shafawa. Wani ƙaramin kamfani yake wa aiki, cikin masu karɓar kwangilar kula da layin dogon alhazai, jirgin nan da ke jigila tsakanin Mina da Arfa 'yan kwanaki a shekara, sauran watannin kuma a yi ta goge shi ana ɗaure masa kusoshi. Kullum zai dawo gidanmu na haya a unguwar Kudai da warin mai a jikinsa, ya zauna ya ba ni labarin jirgi kamar gadon ubansa ne.

Igamarsa, wato takardar izinin zama, ta hannun kamfanin nan take, tawa kuma a rataye take da tasa. In aikin ya tafi, zaman ya tafi. Shi kuwa gonarsa ya sayar ya zo, kuma tun ranar da ya sauka buri ɗaya gare shi. Ko zazzaɓi ya yi sai ya ce, "Hajiya, ni dai a yi mini salla a Harami." In ce masa ya tashi ya sha magani, ba yau ba ce.

Ranar da abin ya faru, kafin azahar ne. Suna da wani amalanken ƙarfe da ke tafiya a kan dogo, suna ɗora kayan aiki a kai. Birkinsa ya daɗe da lalacewa, da dutse suke tare shi. Ranar nan dutsen ya zame, amalanken ya gangaro ya bi ta kan ƙafar Malam ta hagu yana tsugune. Abokin aikinsa, wani mutumin Maraɗi, ya ce shi daga nesa ya ji ƙarar ƙashin. Shi ne ya yi maza ya zare masa takalmin aiki kafin ƙafar ta kumbura, ya jefar da shi nan gefen dogo.

Shugaban aikinsu ya zo a guje, ya ɗauko waya zai kira motar asibiti. Nan fa Malam ya tuna da wani ɗan garinmu da ya karye aka kai shi asibiti, aka sa masa ƙarfe a cinya, har yau in sanyi ya sauko sai an ji kukansa a maƙwabta. Ya kuma tuna cewa a kwance za a ɗauke shi a gaban samarin da yake koya wa aiki. Sai ya cije, ya yi murmushi, ya ce wa shugaban ai ɗan targaɗe ne, ya bar wayar. Shugaban bai yi gardama ba. A bakin ofishinsu akwai allon da ake rubuta yawan kwanakin da aka yi ba a samu hatsari ba, kuma lambar ta yi nisa, yana alfahari da ita. Ya miƙo takarda, Malam ya sa hannu cewa babu abin da ya same shi, sannan mutumin Maraɗi ya saɓa shi a kafaɗa ta bayan sito ya jefa shi a tasi.

Ba gida suka nufa ba, unguwar Hindawiyya suka nufa. A can cikin wani lungu da mota ba ta shiga akwai wani tsoho maɗori, haifaffen Makka, wanda kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa ya zauna. Duk Bahaushen da ya karye a garin nan ya san ƙofarsa, amma babu mai faɗin sunansa a waje, domin ba shi da takardar izinin yin magani. Baba kawai ake ce masa. Da aka kira ni na isa, na tarar maza huɗu sun danne Malam, Baba yana jan ƙafar yana yi masa hira a kan tsadar tumatir. Mutumin da ya ƙi motar asibiti don kada yara su ga rauninsa, ranar nan duk lungun sai da ya ji muryarsa yana kiran mahaifiyarsa da ta shekara ashirin a kabari.

Baba ya shafa man shanu, ya jera karan ɗori, ya naɗe, ya yi tofi. Ba ya yanke wa mutum kuɗi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kwana arba'in kada ka taka. Kuma ɗana, abin da aka yi a ɗakin nan amana ne. Ni tsoho ne, ba zan iya zaman tambayoyi ba." Malam ya ce ya ɗauka.

Kwana arba'in ɗin nan ni na san su. Malam yana kwance a tsakar ɗaki, ƙafa a kan matashi, yana mulkin gidan da sanda. Ya gano cewa ban iya shara ba, ya gano gishirina ya yi yawa, ya gano labulen da ya shekara shida a wurinsa a karkace yake. In an kira daga kamfani sai ya gyara murya ya ce lafiya lau, yana nan tafe. Na ce masa, "Malam, ka gaya musu ka karye mana." Ya ce in ya faɗa za su ce ina takardar likita, in babu za su ce wa ya ɗora, shi kuma ya ɗauki amana. Na ce to, ka ci gaba da tafe ɗin.

Takarda biyu kamfanin ya aiko. Ta farko da mutumin Maraɗi ya karanta mana a gurguje, a kan takalmi ce: wai Malam ya lalatar da kayan kamfani, za a cire kuɗinsa a albashi. Na yi tsaki na ninke ta na tura ƙarƙashin gwangwanin yaji, inda nake ajiye takardun da ba na son gani kuma ba na iya zubarwa. Ta biyu ba ta ninkuwa. An sallame shi saboda rashin zuwa aiki ba tare da uzuri ba.

Ranar Malam bai ci abinci ba. Ya juya fuskarsa bango, ni kuma na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya. Na ji tsoro ƙwarai, ba don kaina ba, ni ko'ina aka ajiye ni zan kafa murhu. Shi na ji wa, mutumin da zai koma garin da ba shi da gona, yana ɗingishi, a yi ta tambayarsa wa ya bar wa jirgin.

Mutane suka ce a kai ƙara kotun ma'aikata, muddin shari'a na tafiya ba za a fitar da mu ba. Aka shigar. Zaman kotun ta waya ake yi, ana ganin juna. Malam ya sa babbar rigarsa ta salla, ya kafa hula, ya feshe jikinsa da turare har sai da na yi atishawa. Na ce alƙalin ta waya zai ji ƙanshin? Ya ce ladabi ladabi ne. Ya sa na kwashe tukwane daga bayansa, na jingina wayar da kwalbar man gyaɗa, na koma gefe inda ba a ganina.

Lauyan kamfani ya yi magana a taƙaice. Ya ce ga takarda da sa hannun mutumin nan cewa babu abin da ya same shi. Babu rahoton asibiti. In ma ya karye, wa ya san ko a banɗakin gidansa ya zame? Mutumin Maraɗi kuwa kwangilarsa ta ƙare ya koma gida, wayarsa ba ta shiga. Alƙali ya juyo kan Malam, tafinta yana fassarawa.

"Ka ce ka karye. Wa ya yi maka magani?"

"Allah ne ya warkar da ni, ranka ya daɗe."

Alƙalin ya ce wannan babu mai musu, amma ta hannun wa?

Malam ya dubi silin, ya dubi hularsa a cikin wayar, ya gyara ta. Ni ina gefe ina yi masa alama da ludayi. Ya ce, "Ta hannun wani bawan Allah." Aka tambaye shi sau uku, sau uku ya ba da bawan Allah. Muka faɗi. Aka ɗaukaka ƙara, nan ma bawan Allah ya sake kayar da mu.

Ba zan ɓoye ba, na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce tsohon nan ɗan ƙasa ne, iyakaci a ja masa kunne, mu kuwa jirgin sama za a sa mu. Na ce amanar wani ta fi matarka? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Hajiya, da ƙafar da ya ɗora mini zan taka in kai shi? In na yi haka, ko an yi mini salla a Harami me na samu?" Na kwana biyu ina ajiye masa abinci da ƙarfi.

Na fara sayar da kayan ɗaki. A cikin haka ne 'yar mai gidan da muke haya ta hawo sama, uwarta ta aiko ta duba babbar tukunyata. Mace ce mai 'ya'ya uku, jikar Hausawa, haifaffiyar unguwar Zahir, kuma lauya ce, amma ban taɓa tunanin kai mata maganarmu ba saboda ganin motarta kawai ya isa ya hana talaka sallama. Hausarta rabi da rabi ce, in ta maƙale sai ta cike da Larabci. Tana shigowa ta yi tuntuɓe da takalmin Malam na dama, wanda tun ranar hatsarin nake tare ƙofa da shi don iska ta shigo. Takalmi ne mai ƙarfe a baki, ya fi kowane dutse riƙe ƙofa.

Ta dafe yatsa, ta kira ni Hala, wato inna, ta ce, "Wannan shi kaɗai ne? Fen, ina ɗan'uwansa?"

Dama ina neman wanda zan sauke wa. Na ce ɗan'uwansa yana hannun marasa kunya, waɗanda suka karya mutum suka kore shi, sannan suka bi shi da takarda wai ya biya takalmi. Ta ce wace takarda? Na ɗaga gwangwanin yaji na zaro ta, ta yi ja a gefe ɗaya. Ta karkaɗe, ta yi atishawa, ta fara karantawa a tsaye. Sai na ga ta nemi kujera ta zauna ta sake karantawa daga farko.

Ta juya wajen Malam da kiran baffa irin na Larabawa ta ce, "Ammi, ka san abin da suka rubuta a nan?"

Malam ya ce ai cewa suka yi ya lalata takalmi.

"Aiwa. Amma ji yadda suka faɗa. Takalmin hagu, mai lambarka, an tsince shi a gefen dogo ranar kaza, amalanke ya taka shi ya lotse. Da hatiminsu, da sa hannun mudir, shugaban kamfani." Ta ɗago ta dube shi. "Ya'ani, lokacin da amalanken ya taka takalmin, ƙafar wa ke ciki?"

Malam ya dubi ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, "Tawa ce."

Ta buɗe fayil ɗin shari'ar a wayarta ta yi ta ja da yatsa. Ashe takardar tana ciki tun zaman farko. Kamfanin da kansa ya saka ta, a jerin laifuffukan Malam, don a nuna shi mutum ne marar kula da kaya. Kowa ya wuce ta, domin duk hankali ya tafi kan bawan Allah. Ta ce saura ƙofa ɗaya, Kotun Ƙoli, kuma kwanakin da suka rage kaɗan ne. Can ba a kawo sabuwar hujja, amma ana iya cewa ga hujja a gaban alƙalai ba a auna ta ba. Na tambaye ta abin da za mu ba ta. Ta ce in bar wa uwarta tukunyar aro duk ranar da ta yi baƙi, kuma in daina sayar da kaya.

Malam da ya ji Kotun Ƙoli a Riyad take, sai ya kai babbar riga wajen mai guga, ya fara tambayar kuɗin mota. Ya shirya jawabi, yana bitarsa a gabana da sanda a hannu, ni ce manyan alƙalai. Da lauyar ta ce masa babu mai zuwa, takardu kawai ake dubawa, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce wace irin babbar kotu ce ba ta son ganin mutum? Ta ce, "Ammi, alhamdu lillahi da ba su son ganinka. Kai ne kake kayar da mu." Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

Muka yi watanni muna jira. Duk ƙarar da waya ta yi sai in ɗauka da sauri, in duba in ga tallan shinkafa ne. Hukuncin da ya zo, da rana tsaka ya zo, Malam yana cire ƙayar kifi daga haƙori. Saƙo ne layi biyu. Na sauka da wayar a guje ba ko takalmi, lauyar ta karanta a bakin ƙofa ta ce an rushe hukuncin baya, an mayar da shari'ar a sake dubawa, kuma a auna takardar takalmi. Na hawo na gaya masa. Ya ce, "Shi ke nan? Ba su ce komai a kaina ba?" Shi so ya yi a ce an yaba da halinsa.

A zaman da aka sake, lauyan kamfani ya gwada cewa wataƙila takalmin shi kaɗai yake a kan dogo lokacin da aka taka shi. Alƙali ya tambaye shi ko ma'aikatansu sun saba yawo a wurin aiki da takalmi ɗaya. Aka tura Malam asibiti a ɗauki hoton ƙafar, ya tafi yana ta jaddada wa kowa cewa hoto kawai aka ce, ban da ƙarfe. Likitan ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya ce karaya ce ta abu mai nauyi, kuma ta haɗu da kyau, sai dai ƙafar ta ɗan gajarta kamar faɗin yatsa. Ya ce wa ya yi wannan aikin? Na rufe ido, don na san amsar.

Kotu ta ce rauni ne na wurin aiki, alhakinsa na kan kamfani, domin shi ya bar amalanke ba birki, kuma shugaban aiki ya ga mutum ba ya iya tsayuwa ya karɓi sa hannunsa maimakon ya kai rahoto. Korar ba ta inganta ba. Aka mayar da shi aiki, aka biya shi haƙƙinsa, aka sabunta igama. Abin da ya fi faranta wa Malam rai shi ne ranar da ya koma ya tarar an goge allon nan na bakin ofis an fara lissafi daga farko. Aka ba shi sababbin takalma, na dama da na hagu. Tsohon na dama yana nan yana riƙe mini ƙofa.

Baba bai taɓa sanin an nemi sunansa a kotu har hawa biyu ba. Na so in gaya masa, Malam ya hana. Ya ce in ya ji zai ga kamar ana yi masa gori. Iyakacinsa ranar Juma'a ya kai masa nono da dabino, Baba ya murza ƙwaurin ya ce saura kaɗan ya ɓata masa aiki da yawan motsi.

Bayan hajjin shekarar da 'yan makonni aka bugo da safe aka ce Baba ya rasu. Muka tafi Hindawiyya. Ni ina cikin mata a soron gidan da ke kallon nasa, muna leƙe ta labule. Motar da za ta kai shi Harami tana bakin titi, sai an ɗauko shi a kafaɗa tun daga ƙarshen lungun. Maza sun cika wurin maƙil, kuma da na lura sai na ga rabinsu ba sa tafiya daidai: wannan yana jan ƙafa, wancan kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya, wani hannunsa ba ya miƙewa duka. Duk aikinsa ne, kuma babu wanda ya taɓa faɗin sunansa.

Malam ya kutsa ya kama kusurwar gaba ta hagu. Ana karɓa-karɓa, kowa ya ɗan taɓa ya ba wani, shi ya ƙi saki. Saboda gajartar ƙafar nan, duk takun da ya yi sai makarar ta ɗan sunkuya ta wajensa ta sake miƙewa. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce a karɓi mai ɗingishin nan mana kafin ya zubar da Baba. Na ce mata ta bar shi, mijina ne, kuma ƙafar Baba ce ke tafiya. A haka suka kai shi har bakin titi.